Tukunyar Gado Ta Yi Tsatsa, Ta Dalma Ta Yi Baƙi: Za Su Gyaru?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama, Allah ya ƙara basira. Bayan rasuwar mahaifiyarmu aka ba ni tukunyarta ta ƙarfe mai ƙafa uku da tandar waina, ita ma ta ƙarfe. Na zage na wanke su tas da omo da soson ƙarfe har sai da duk baƙin jikinsu ya fita, sannan na kife su a sito. Da damina ta wuce na je ɗaukowa, sai na tarar sun yi jawur da tsatsa. Ga kuma tukunyar silba ta kayan ɗakina ta yi ɗige-ɗigen ja a ciki, alhali an ce silba ba ta tsatsa. Ta dalma kuwa, tun ranar da na dafa wake da kanwa cikinta ya yi baƙi, na goge na goge ya ƙi fita. Wata maƙwabciyata ta ce in jiƙa su duka a bilic, wata ta ce ruwan batir ya fi sauri. Shin za su gyaru? Kuma cin abin da aka dafa a tukunya mai tsatsa yana cutarwa?

Uwargida daga Funtuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Mama, ya sa Aljanna ce makomarta. Ki kwantar da hankalinki, muddin tukunyar ba ta tsage ba kuma ba ta huje ba, za ta dawo aiki, haka ma tandar. Amma kafin komai, don Allah ki ajiye shawarar bilic da ta ruwan batir can gefe. Ruwan batir asid ne mai ƙona fata da makanta ido, ba ya da wurin zama a madafa. Bilic kuwa ba ya cire tsatsa ko kaɗan, ƙara ta yake yi, kuma yana ɓula silba da ƙananan ramuka waɗanda ba sa gyaruwa. Mafi haɗari, idan ya gamu da wani abu mai tsami, kamar ruwan khal ko lemon tsami, yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. A ƙaramar madafa mai rufaffiyar taga wannan ba abin wasa ba ne.

Kin kawo min tukwane uku a matsayin matsala ɗaya, alhali ƙarafa uku ne masu hali daban-daban, kuma maganin ɗaya shi ne cutar ɗaya. Abin da zai sauƙaƙa miki fahimta kin riga kin san shi daga girki. Idan miyar yakuwa ta yi tsami da yawa, ɗan jiƙon kanwa ake zubawa, sai ta yi kumfa ta taso, tsamin ya mutu. To kayan wanke tukunya ma gida biyu ne haka. Akwai gidan tsami: tsamiya, lemon tsami, ruwan khal. Su ne ke narkar da tsatsa, da farin dasashin da ruwa ke bari a gindin tukunya, da duhun da alminiyom ke yi. Akwai kuma gidan kanwa: ita kanwar, da toka, da bekin soda. Su ne ke sassauta maiƙo da abincin da ya kama ya ƙone. Ba a haɗa su a lokaci guda. Nakan ga bidiyo a TikTok ana zuba bekin soda, a kwarara ruwan khal a kai, kumfa ta tashi, mai kallo ya ɗauka aiki ake yi. Abin da ya faru a miyar yakuwar nan ne ya faru: kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa, abin da ya rage bai fi ruwa mai ɗan gishiri-gishiri ba. In za ki yi amfani da su duka biyu, ki gama da ɗaya, ki ɗauraye, sannan ki ɗauko ɗayan.

Bari in daɗe a kan tukunyar Mama, don ita ta fi buƙatar bayani, kuma na san ita ta fi tsaya miki a rai.

Baƙin nan da kika kankare ba datti ba ne. Duk sanda aka ɗora mai a ƙarfe aka ba shi wuta sosai, man yana sauya halitta, ya daskare ya zama siririyar fata mai tauri da ta manne da ƙarfen. Shekara da shekaru ana suya, fata na hawa kan fata, har tukunya ta yi baƙi mai sheƙi, abinci ya daina kamawa. Shi ya sa mai sayar da waina ba ta yarda a taɓa mata tanda da soson ƙarfe, kuma shi ya sa tsohuwar tanda ta fi sabuwa sakin waina. Wannan fatar ce ke raba ƙarfe da ruwa da iska. Tsatsa kuwa abu uku take nema ta samu a wuri guda: baƙin ƙarfe tsirara, da laima, da iskar oksijin. Ranar da kika wanke tukunyar kin tuɓe mata rigarta, sannan kika kife ta a sito a watannin da iska ta fi ɗaukar ruwa, Yuli da Agusta da Satumba. Ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba, raɓar da ke cikin iska ta isa. Da a hunturu ne, da wataƙila ta kai wata uku ba ta nuna komai ba. Wani abin da ya sa tsatsa ke da naci shi ne, tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta ɓarɓashe ta buɗe sabon wuri a ƙarƙashinta, ga ta kuma tana riƙe laima kamar soso. Ba ta tsayawa da kanta, sai an tsayar da ita.

Ki fara da busasshiyar tukunya. Ki ɗauki soson ƙarfe ko burushin waya ki kakkaɓe duk abin da zai fita da hannu. A nan kam soson ƙarfe ya halatta, don babu sauran rigar da za a ɓata. In tsatsar sama-sama ce, sau da yawa gishiri mai tsakuwa da rabin lemon tsami sun wadatar: ki barbaɗa gishirin, ki riƙa murza shi da lemon kamar soso, ki bar shi kamar minti 10, ki sake murzawa. Lallausan yashi ma yana yin aikin gishirin, kuma iyayenmu da shi suka saba.

In ta ci sosai, kamar yadda kika kwatanta, sai jiƙo. Ki haɗa ruwan khal fari da ruwa, kofi ɗaya na wannan kofi ɗaya na wancan, gwargwadon abin da zai rufe wurin. Khal na kasuwa yawanci kashi 5 cikin 100 ne na asid, don haka idan aka raba shi da ruwa yana cin tsatsa a hankali ba tare da ya yi wa ƙarfe fyaɗe ba. Babbar tukunya za ta ci khal mai yawa, ga tsada. Ni a irin wannan tsamiya nake jiƙawa da ruwan zafi, jiƙo mai kauri irin wanda ya fi na kunu tsami nesa, in tace in zuba. Ta fi khal jinkiri amma tana yi, kuma kusan kowane gida akwai ta. Bayan tukunya da ƙafafuwanta kuwa, ki jiƙa tsumma a ruwan tsamin ki naɗe su da shi, ki riƙa ƙara jiƙa shi in ya fara bushewa.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure: su jiƙa da magariba su kwanta, su ce gobe da safe an gama. Tsami ba ya bambanta tsatsa da ƙarfe. Da zarar ya gama da jan, sai ya shiga cin lafiyayyen, ki wayi gari cikin tukunya ya yi gurbi-gurbi kamar fuskar da ƙuraje suka warke. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ki riƙa dubawa duk bayan rabin awa, kina gogawa da soso. Da kin ga tsatsar tana biyo soson ba gardama, ki zubar da ruwan. Yawanci awa ɗaya zuwa uku ya isa. In da sauran wurin da ya ƙi, gara ki goge ki sake jiƙa shi na ɗan lokaci da ki bar duk tukunyar ta kwana.

Daga nan sai hanzari. Ki ɗauraye da ruwan da kika jefa wa ɗan guntun kanwa ko cokali ɗaya na bekin soda, don ya kashe ragowar tsamin da ya maƙale a ƙofofin ƙarfen, sannan ki ɗauraye da ruwa zalla. Kar ki kife ta a rana ki tafi wani aiki. Ƙarfen da aka fitar daga tsami yana iya yin ja-ja cikin 'yan mintoci kina kallo. Ki tsane ta da tsumma, ki ɗora a wuta har sai duk laimar ta ƙafe. In ma wani ɗan ja ya bayyana, kar ya dame ki, mai zai ɗauke shi.

Sai mayar mata da riga. Tana da ɗumi, ki ɗiga man gyaɗa a tsumma mai tsabta ki shafe ta ciki da waje, har ƙafafu da murfi. Sannan ki ɗauki busasshen tsumma ki goge man, ki yi ta gogewa har sai kin ga kamar babu sauransa. Wannan gogewar ta biyu ita ce sirrin aikin. Abin da ya rage a jikin ƙarfen, wanda ido ba ya gani sosai, shi ake so. In man ya yi yawa ba zai yi tauri ba, zai yi danƙo ne kamar ƙaro, ya riƙa kama ƙura yana wari. Ki ɗora ta a garwashi ko a gas, wuta madaidaiciya, kina juya ta don zafi ya kai ko'ina, har ta fara hayaƙi. Ki bar ta kamar minti 10 zuwa 15, har hayaƙin ya lafa, sannan ki sauke ta huce da kanta. Ki yi a tsakar gida ko ki buɗe tagogi. Ki maimaita sau uku ko huɗu. Za ki ga launinta yana tashi daga toka-toka zuwa ruwan ƙasa zuwa baƙi. Mai oben kuma sai ta kife tukunyar a ciki a zafin digiri 200 zuwa 230 na awa ɗaya kowane zagaye. Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai: kar ki kuskura ki zuba ruwan sanyi a tukunyar ƙarfe mai zafi. Irin wannan ƙarfen na zubi yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma tsagar ce kaɗai cutar da ba ni da maganinta.

Tanda ma haka za ki bi da ita, sai dai kowane gurbi sai kin bi shi ɗaya bayan ɗaya, domin a gindin gurbin mai ke taruwa ya yi danƙo. Ki naɗe tsumma a kan tsinke ko cokali ki tsane shi.

Game da tambayarki ta lafiya, ɗan ɓurɓushin tsatsa da ya shiga abinci ba guba ba ne ga mai lafiya. Ɗanɗano yake ɓatawa, ya kuma duhunta miya. Cutar tetanus da ake dangantawa da ƙusa mai tsatsa ma ba tsatsar ke kawo ta ba, ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni. Duk da haka ba na son a yi girki a tukunyar da ke ɓarɓashi, don ramukan tsatsa suna ɓoye ragowar abinci da soso ba ya kaiwa.

Mu koma kan silba. Ita ma asalinta baƙin ƙarfe ce, sai dai an gauraya ta da wani ƙarfe mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Wani masanin ƙarafa, Harry Brearley, ya haɗa irinta a garin Sheffield na Ingila a 1913, kuma wuƙaƙen cin abinci na cikin abubuwan farko da aka ƙera da ita. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani, kuma ko an karce ta tana sake toho da kanta in ta sami iska. Ki juya gindin tukunyarki. In kin ga an rubuta 18/10 ko 18/8, ma'anarsa kashi 18 kuromiyam ne, 10 ko 8 kuma nikel, kuma wannan mai kyau ce. Masu araha da yawa ba su da nikel, sun fi saurin yin tabo. To daga ina ɗige-ɗigen ja? Tunda kin ce da soson ƙarfe kike wanke-wanke, zargina na farko a kansa yake. Yana karyewa ya bar ƙananan wayoyi a jikin tukunya, su ne ke yin tsatsa, ba tukunyar ba. Haka in an bar gwangwanin tumatir ko wuƙa a cikinta da ruwa suka kwana. Na biyu gishiri: in aka zuba shi a ruwan sanyi ya kwanta a gindi bai narke ba, yana cin fatar nan a daidai inda ya zauna. Ki riƙa bari ruwa ya tafasa kafin ki sa gishiri, ki juya.

Gyaran mai sauƙi ne. Ki kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa ya yi kauri, ki shafa a tabon, ki bar shi rabin awa, ki goge da soson roba kina bin layin da ke jikin ƙarfen. In ya ƙi, ki ɗauraye, ki murza lemon tsami, ki ba shi minti 10, ki wanke, ki tsane, ki bar ta a buɗe ta sha iska. Launin shuɗi-shuɗi da ke fitowa a gindinta zafin wuta ne, tsumma da ɗan khal ke ɗauke shi nan take, haka ma farin dasashin da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari. In kuma shinkafa ce ta kama ta ƙone, kar ki bi ta da wuƙa. Ki zuba ruwa ya rufe ƙanzon, ki sa cokali biyu na bekin soda ko guntun kanwa a kowace lita, ki tafasa minti 15, ki kankare da muciya tun da zafinsa. Wanda ya yi taurin kai a bar shi ya kwana a ruwan; silba tana jure wannan.

Wadda ba ta jurewa ita ce ta ukun. Tukunyar da muke kira ta dalma alminiyom ce, babu baƙin ƙarfe a cikinta, don haka ba ta tsatsa har abada. Baƙin da kika gani kanwar waken ce ta taɓa fatar ƙarfen ta duhunta ta. Toka da bekin soda ma haka suke yi mata, wani lokaci har ruwan rijiya in an daɗe ana tafasa shi. Shi ya sa kika yi ta gogewa a banza, ba abu ba ne ya hau kanta, jikinta ne ya sauya launi. Maganinta tsami, kuma a nan tsamiya ta fi kowa, don asid ɗin da ke cikinta dangin wanda ake sayarwa ne a ƙasashen Turai don haskaka alminiyom. Ki cika tukunyar da ruwa har ya wuce inda baƙin ya tsaya, ki jefa cikin hannu ɗaya na tsamiya, ko cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, ki tafasa minti 10 zuwa 15. Za ki ga ta washe. Ki wanke da sabulu da soso mai laushi. Sodar masu haɗa sabulu kuwa kar ta kusanci alminiyom, cinye shi take yi.

Ruwan tsamiyar nan ki zubar da shi, kar ya shiga kunu ko bakin yaro ko na dabba. Ina da dalilin nanatawa. Tukwanen da ake zubawa a gida daga tarkacen ƙarafa ake narka su, har da sassan injin mota, kuma wani lokaci dalma ta gaskiya, mai gubar nan da ta hallaka yara da yawa a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta hanyar sarrafa dutsen zinare, tana shiga cikin zubin. Wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna cewa idan aka tafasa ruwa mai tsami a cikinsu, dalma tana fita ta shiga ruwan. Ban ce kowace tukunya haka take ba, kuma na san ita ce talaka ke iya saya. Amma ra'ayina a fili yake: zoɓo, da miyar yakuwa, da kunun tsamiya, da miyar tumatir mai daɗewa a wuta, a ba silba su. Kar abinci ya kwana a ta dalma. Kuma kar ki ɗora wa kanki haskaka cikinta kowane mako, don duhun nan bai cutar da kowa ba, yawan kankara ne ke buɗe sabon ƙarfe ga abinci. Wadda cikinta ya rarake ya yi ramuka, a ba 'yan gwangwan.

Ba ki tambayi samira ba, amma kusan kowane ɗaki akwai ta. Ƙarfe ne da aka lulluɓe da gilashi, inda ya fashe nan tsatsa ke fitowa. In a waje ne ko a baki, a goge da lemon tsami a shafa ɗan mai. In a ciki ne, inda abinci ke zama, a mayar da kwanon na ajiyar busassun kaya, don ɓarɓashin gilashin yana iya ci gaba da fita. Baƙin hayaƙin itace a bayan kowace tukunya kuwa, ki shafe bayan da kwaɓaɓɓen sabulu kafin ki ɗora a murhu, kamar yadda na taso na ga kakata tana yi. Hayaƙin a kan sabulun zai zauna, ranar wanki su tafi tare.

Idan kin gama shayar da tukunyar Mama mai, girkin farko ya zama na suya: ƙosai, ko dankali, ko nama. Ki yi mata haka sau da dama kafin ki kai mata tumatir ko wani abu mai tsami, don sabuwar rigar ba ta yi ƙwari ba tukuna. Wankinta daga yanzu ruwan ɗumi ne da soso mai laushi, ɗan sabulu ba laifi, amma ba a jiƙa ta a bari. Ki busar da ita a wuta, ki shafa ɗigon mai, ki ajiye ta a kan katako ba a daɓe ba, murfin a ɗan karkace don iska ta shiga. In damina ta kama, ki leƙa ta sau ɗaya a wata. Tandar kuwa, wainar zagayen farko da na biyu za ta iya kamawa. Ki ƙara mai a gurbin, ki rage wuta, ki ci gaba da suya. Kar ki koma wa soson ƙarfe.